Daga Buhu zuwa Ƙarfe: Bayani a kan Wasan Ɗaga Nauyi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa da kaka a Yalwan Damai, ko wani gari na ƙasar Birnin Kudu, ya ga ana loda buhunan gero da dawa da riɗi a mota za a kai kasuwar Sara ta ƙasar Gwaram, to ya riga ya ga rabin abin da wannan maƙala za ta yi bayani a kansa. Cikakken buhun hatsi yakan kai kilo 100, sau da yawa kuma ɗan dakon da zai ɗauke shi bai kai nauyin buhun ba. Maƙasudi a nan shi ne a nuna cewa abin da ke sa siririn mutum ya iya da irin wannan kaya shi ne dai abin da aka tsara aka mai da shi wasa a duniya, sa'an nan a nuna inda samarinmu masu ɗaga ƙarfe a gida suke kuskure har su jawo wa kansu ciwo.

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan fanni ba. Akwai jinjina, watau gwada nauyin abu kafin a ɗauka. Akwai sunguma da cicciɓa, waɗanda ake faɗa wa kaya mai nauyin gaske. Akwai saɓawa a kafaɗa, da azawa a ka, da kuma fizga. Da waɗannan za a yi amfani, domin ba a ga dalilin aro ba alhali akwai na gida.

Yadda wasan yake

Ɗaga nauyi yana cikin wasannin Olamfik na farko da aka yi a Atina cikin 1896, amma sai a shekarar 2000, a Sidni, aka shigar da mata. Ɗagawa iri biyu ake yi. Ta farko ita ce fizga, inda ɗan wasa zai ɗauko ƙarfe daga ƙasa ya kai shi bisa kansa a tashi ɗaya, hannuwa a miƙe. Ta biyu ita ce saɓa da tunkuɗa: ya fara saɓa ƙarfen a gaban kafaɗunsa, ya miƙe tsaye, ya numfasa, sa'an nan ya tunkuɗa shi sama. Da akwai ta uku wadda ake tura ƙarfe da ƙarfin hannu kawai, amma an soke ta bayan wasannin 1972 saboda 'yan wasa sun riƙa gantsarewa har alƙalai suka kasa bambance halal da maguɗi. Kowane ɗan wasa yana da gwaji uku a kowace ɗagawa, alƙalai uku ke duba shi, a ƙarshe kuma a haɗa mafi nauyin abin da ya ɗaga a kowace, jimlar ita ce makinsa. Ana kasa mutane aji aji bisa nauyin jikinsu.

Dabarar ɗagawa

Abin da ya fi wuyar shiga kan mai kallo shi ne cewa hannu ba shi ke ɗaga ƙarfen ba. Aikin hannu a farkon tashi bai wuce na igiyar guga ba, watau riƙo. Ƙarfin yana fitowa ne daga cinyoyi da ƙugu. Ɗan wasa yakan tsuguna, ƙarfen na bisa tsakiyar tafin ƙafarsa, ƙirji a buɗe, baya a miƙe ba a ranƙwafe ba, ya cika ciki da iska ya ɗaure ta. Yakan naɗe babban yatsansa a jikin sandar ya danne shi da sauran yatsu don kada ta kuɓuce. Daga nan ya tura ƙasa da ƙafafunsa a hankali har sandar ta wuce gwiwa. Tana kaiwa cinya sai ya miƙe gaba ɗaya da sauri kamar wanda zai yi tsalle, ƙarfen ya yi sama da kansa na ɗan lokaci ƙanƙane.

A wannan ɗan lokaci ne gwaninta take. Ƙarfe mai nauyi ba ya tashi ya wuce ƙirji komai ƙarfin mutum, saboda haka ɗan wasa ba ya jiran ya zo masa bisa kai, shi ne yake faɗawa ƙarƙashinsa, ya tare shi a tsugune, sa'an nan ya miƙe da shi. Ɗan dako ma haka yake yi: abokansa biyu su lilo da buhu, shi kuwa ya duƙa ya shiga ƙarƙashi a daidai lokacin da buhun ya yi sama, ya karɓe shi da kai ko da gadon baya. In ya makara buhun ya danne shi, in ya yi gaggawa ya goce. Doka ta biyu da su biyun suka yi tarayya a kanta ita ce kada kaya ya yi nisa da jiki, domin ko da taki ɗaya ya matsa gaba, nauyin da ke kan ƙashin baya ya ƙaru ƙwarai. Da wannan dabara Naim Suleymanoglu na Turkiyya, mutum gajere mai kilo 60, ya ɗaga kilo 190 a Seoul cikin 1988, fiye da ninki uku na jikinsa.

Kayan aiki

Sandar maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ta mata kuwa kilo 15. Fayafayan da ake zura mata an lulluɓe su da roba, kowane nauyi da launinsa: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15, kore 10. Bakin sandar yana juyawa shi kaɗai, domin idan ɗan wasa ya juya hannunsa a ƙarƙashinta kada fayafayan su murɗe masa wuyan hannu. Ana yin wasan a kan dandamali mai mita 4 kowane gefe, da takalmi mai taurin dunduniya, da farin gari irin na alli da ake shafawa don gumi.

To, a garuruwanmu ba safai ake samun waɗannan ba. Abin da samari kan yi shi ne su cika gwangwani biyu da siminti su soka bututun ƙarfe a tsakani, ko su nemo tsohon ƙarfen mota wajen makanike. Ƙoƙarin abin yabo ne, amma yana da illa uku. Ba wanda ya san ainihin nauyin abin, sau da yawa ma gefe ɗaya ya fi ɗaya. Bakinsa ba ya juyawa. Mafi muni kuma, ba a iya yar da shi, gama zai fashe, don haka idan ya fi ƙarfin yaro sai ya yi ta kokawa da shi maimakon ya sake shi ya kauce, alhali kuwa sakin ƙarfe yana cikin abin da ake fara koya wa ɗan wasa. Mai irin wannan kaya ya kamata ya auna kowane gefe a sikelin masu sayen hatsi, ya yi aikinsa a kan rairayi, ya tsaya ga tsuguno da ɗagowa daga ƙasa, ya bar fizga sai da sandar icce har ya samu ta gaske.

Horo

Tushen horo shi ne ƙari kaɗan kaɗan. Girkawa suna da labarin wani ɗan kokawa, Milo, wanda aka ce ya riƙa saɓa ɗan maraƙi kullum har ya zama bijimi. Tatsuniya ce, amma ma'anarta daidai take. Jiki yana ƙaruwa ne idan aka ɗora masa abin da ya ɗan fi wanda ya saba, aka kuma bar shi ya huta. A nan ne dako ya bambanta da horo: ɗan dako nauyi ɗaya yake ɗauka sau da yawa, a gajiye, ba hutu, shi ya sa yakan tsufa da ciwon baya. Mai neman ƙarfi kuwa yakan ɗaga nauyi mai yawa sau ɗaya zuwa biyar, ya huta minti biyu ko uku, ya sake, ya kuma bar kwana tsakanin horo mai tsanani da wani. Mutumin karkara yana da wata riba da Bature kan sha wahala kafin ya samu, ita ce iya tsuguno har ƙasa dunduniya a dafe, don da shi ya tashi. Abinci kuwa, wake da gyaɗa da nono da ƙwai sun isa gina tsoka idan an samu a ƙoshi.

Abin da ba ya gina ta shi ne ƙwaya. Tiramol da wasu leburori ke sha ba ya ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo kawai yake yi, mutum ya ci gaba da aiki a kan rauni. A fagen gasa kuma akwai magungunan ƙara tsoka da aka haramta, kuma Nijeriya ta ga tasirinsu. Ruth Ogbeifo ta samo azurfa a Sidni cikin 2000 da jimlar kilo 245, daidai da wadda ta ci zinariya, sai dai ta fi ta nauyin jiki, dokar lokacin kuwa mai ƙarancin nauyi take ba. Maryam Usman ita kuma ta zo ta biyar a Beijin cikin 2008 da kilo 265. Cikin 2016 aka sake gwada samfurin da aka ajiye, aka kama biyu daga cikin waɗanda suka sha gabanta, tagulla ta dawo hannunta bayan an daɗe da watsewa daga filin.