Bayani a kan Girman Wuƙar Shiga Daji

Idan an gama kaka rani ya shigo, mafarauta da makiyaya da masu kwana a daji sukan fito neman wuƙa. Da yawansu babba suke nunawa, sai daga baya su dawo suna cewa an cuce su. To a sani, aikin da za a yi shi ke zaɓen girman wuƙa.

Ruwan wuƙa ake aunawa, wato daga tsini zuwa inda ƙota ta fara. Inci 1 santimita 2 da rabi ne.

Na farko, ƙarama, inci 3 zuwa 3 da rabi. Galibi mai naɗewa ce, kamar Opinel lamba 8 ta Faransa, mai ruwa santimita 8 da rabi. Tana yanka igiya, ta fere rogo, ta gyara tsuntsu. Amma kada a ce wa mai saye za ta tsaga itace, domin mahaɗinta ne zai saki, ta naɗe masa a yatsa.

Na biyu, matsakaiciya, inci 4 zuwa 5, marar naɗewa, mai kube. Wannan ita ce wuƙar daji ta ainihi. Da ita ake fiɗa, a feƙe turke, a yanka nama, a kankare makamashi. Hannu yana mallakar tsininta, ba ta kuma nauyi a ɗamara. Mora ta ƙasar Suwidin ruwanta inci 4 ne da ɗan kai, maƙeranmu ma suna ƙera irinta da sifirin na mota. Ita ya kamata ta fi yawa a rumfa.

Na uku, babba, inci 7 zuwa sama. Tana sara, amma a wajen fiɗa tsininta ya yi nisa da hannu, sai ta huda fata. Kowa ya san fata mai huji kuɗinta faɗuwa yake yi a wurin 'yan fata. Wanda aikinsa saran ƙirare ne ko kafa bukka, a ba shi adda, irin mai tambarin kada ta Martindale ta Ingila, ya haɗa da matsakaiciyar wuƙa. Biyun nan sun fi babbar wuƙa guda amfani.

Ga abin da dillali zai duba kafin ya sari kaya:

1. Ƙarfen ya ratsa ƙota har gindi, an dasa shi da ƙusa. Wanda aka cusa kawai yakan fita.
2. Kaurin gadon baya kamar milimita 2 zuwa 3. In ya wuce haka ƙwarai, ba ta yanka da daɗi.
3. Ƙota ta cika tafin hannu, kada ta yi santsi in ta jiƙe.
4. Kube ya kama wuƙa, ko an kife shi ba ta zamewa.

Kafin a faɗi kuɗi, a tambayi mai saye: "Malam, wane aiki za ka yi da ita?" In ya ce fiɗa da hidimar zango, a miƙa masa matsakaiciya ko da ribar babba ta fi. Wanda wuƙarsa ta yi masa daidai shi ke kawo 'yan uwansa baɗi.

Allah ya tsare mu da asara. Haza wassalam.