Wa ke kashe jinin jarirtaka?

Iyayen masu sikila sun san wannan: jariri kan yi watanninsa na farko lafiya lau, sai ya doshi wata shida hannu da ƙafa su fara kumburi. Tun a 1948 wata likitar yara a Brooklyn, Janet Watson, ta lura jajayen ƙwayoyin jinin waɗannan jarirai ba su cika lanƙwashewa kamar lauje ba. Ta yi zargin abin da ke kare su shi ne jinin jarirtaka, wato hemogulobin ɗin da ake haihuwar jariri da shi, wanda jiki ke daina yi bayan haihuwa. To wa ke kashe shi?

Aka yi kusan shekara sittin ana lalube. A 2007 da 2008, binciken ƙwayoyin gadon mutane masu yawa ya nuna wani furotin mai suna BCL11A. Zargi dai ba hujja ba ne, sai aka koma kan ɓeraye. Nan ma da sauran aiki, domin ɓera ba shi da irin wannan jini na jarirtaka. Sai da aka dasa masa ƙwayoyin gadon hemogulobin na ɗan Adam. A 2009 ɗakin binciken Stuart Orkin a Boston ya nuna cewa idan babu BCL11A, jinin jarirtakar ba ya mutuwa. An kama mai laifi.

Amma fa ɓerayen da aka cire wa furotin ɗin gaba ɗaya suna mutuwa da zarar an haife su, ba su ma da ƙwayoyin B masu kare jiki. Ashe yana da wasu ayyukan. A 2011 aka kashe shi a cikin ƙwayoyin da ke zama jajayen ƙwayoyin jini kaɗai, a ɓeraye masu sikila. Jininsu ya gyaru, gaɓoɓinsu suka tsira. A 2013 kuma aka gano ɗan guntun DNA da ke kunna BCL11A a waɗannan ƙwayoyin kawai.

Wannan guntun ne maganin Casgevy ke yankewa a ƙwayoyin ɓargon majiyyaci domin jinin jarirtakar ya dawo, kuma Birtaniya da Amurka sun amince da shi a ƙarshen 2023. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne kan mutum ɗaya, alhali Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila.