Gado da Magani: Dalilin Bambancin Aikin Ƙwaya ga Masu Ciwon Rikicewar Hanji

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana dalilin da ya sa mutum biyu masu ciwo ɗaya kan sha magani ɗaya, wani ya sami sauƙi, wani kuwa ya jigata. Ciwon da muka ɗauka shi ne rikicewar hanji, wato murɗar ciki da kumburi masu tafiya suna dawowa, tare da gudawa ko bushewar ciki, alhali gwaji bai nuna gyambo ko tsutsa ba.

2.0 Abin da Aka Gada

A Dabai da sauran ƙasar Zuru, mun saba ganin Bafillace ya sha ɗanyar madara lafiya lau, manomi maƙwabcinsa kuwa ya kurɓa cikinsa ya ɗauki ƙugi. Binciken da aka buga a 1971 kan ƙabilun Nijeriya ya nuna cewa yawancin Fulani na riƙe da sinadarin narkar da sukarin madara har girmansu. Wannan abin gado ne. To, haka al'amarin yake ga magani.

Hanta na da wani sinadari mai suna CYP2D6, wanda ke sarrafa magunguna da dama domin jiki ya fitar da su. A 1977, masana a Landan suka gano cewa wasu mutane sun gaji rashinsa, kuma an kiyasta su da kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa. A 1996 aka bayyana wani nau'insa mai rauni a Zimbabwe, wanda ya yawaita tsakanin baƙar fata. A shekarar ne kuma aka sami kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da aka gwada da nau'i mai gaggawar aiki.

3.0 Misalin Amitiriftilin

Wannan ƙwaya na cikin magungunan da CYP2D6 ke sarrafawa, kuma likitoci kan ba da 'yar kaɗan ga masu rikicewar hanji. Gwajin da aka buga sakamakonsa a 2023, kan majiyyata 463 a Ingila, ya tabbatar da amfaninta. An fara da miligiram 10, ana ƙarawa sannu a hankali zuwa 30. Hikimar farawa da kaɗan a fili take. Mai sinadari mai rauni, maganin kan taru a jininsa, ya jawo masa yawan barci da jiri da bushewar baki, har da bushewar cikin da yake gudu. Mai gaggawa kuwa, hantarsa kan kawar da maganin tun bai yi aiki ba.

4.0 Kammalawa

Saboda haka muna ganin kuskure ne babba mutum ya nufi kyamis ya sayi ƙwaya don kawai ta yi wa ɗan'uwansa amfani. Wajibi ne likita ya auna, ya fara da kaɗan, majiyyaci kuma ya koma ya faɗi abin da ya ji a jikinsa. Haka nan muna kira ga jami'o'inmu da su nazarci wannan sinadari tsakanin Dakarkari da Kambari da Fulani da Hausawa. Dama Hausawa sun ce, kowa da kiwon da ya karɓe shi.