Aikin Wata Ya Koma Na Yini

Yaran da ke neman shiga jami'a, ko a Jos suke ko a Agege, tun shekarar 2015 a kan kwamfuta kaɗai suke rubuta jarrabawar JAMB. Hukumar ta ƙa'ida wa kowace cibiya kwamfuta 250 aƙalla. To, kafin kwamfuta ta yi wani aiki sai an zuba mata babbar manhajar da ke tafiyar da ita, kamar Windows ko Linux. Idan ma'aikaci ya bi su ɗaya bayan ɗaya da faifai, kowace ta ci masa awa guda, ai ya kwana wata bai gama ba.

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan harka. A 1999 wani malami daga Jami'ar Iowa ta Amurka, Cliff Missen, ya koyar a Jami'ar Jos. Da ya koma gida ya kafa shirin WiderNet a 2000, wanda ya riƙa turo wa jami'o'in Afirka kwamfutoci na hannu. Irin waɗannan kuwa sai an goge su tas an sake zuba musu manhaja.

Ga yadda dabarar take. Ma'aikaci zai shirya kwamfuta guda yadda ake so, ya ɗauki kwafinta ya ajiye a babbar kwamfuta, wato sabar. Sauran duk suna haɗe da ita ta waya. Da an kunna su, kowace za ta nemi lambar adireshi, ta karɓi ɗan ƙaramin umarni, sannan ta jawo manhajar da kanta. Tambayoyin harshe da lokaci da suna kuwa an riga an rubuta amsoshinsu. Kamfanin Intel ne ya fito da wannan tsari mai suna PXE a ƙarshen shekarun 1990, akwai kuma Clonezilla ta ƙasar Taiwan wadda kyauta ce.

Amma fa sai an kiyaye. Tsarin yana share duk abin da ke cikin kwamfuta, saboda haka a kwashe takardun ofis tukuna. A tanadi janareto, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Kuskure ɗaya kuma yakan bazu ko'ina. A Mayun 2025 shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi gafara domin gyaran manhaja bai zauna daidai ba a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas, har aka ce ɗalibai 379,997 su sake jarrabawa.

Tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ya daina ba Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Ofisoshi da makarantu sai sun sauya. Mai ɗan da ya gama sakandare yana zaune, ga sana'ar da ake nema. Allah ya sa a dace.