Matar da Ke Wanki a Kan Ƙanƙara

Yau za mu leƙa ƙasar Finlan, can arewacin Turai, mu tsaya gaban wani zane guda ɗaya.

Ku ɗauka kuna bakin tafki a tsakiyar hunturu. Ba irin hunturunmu da ke sa kaushi da faso ba, a'a, sanyin da ke daskarar da ruwan tafki har mutum ya taka shi kamar daɓe. An fasa ƙanƙarar, an yi rami har an cim ma ruwa. A bakin ramin ga wata mace tana wanki. Ba sarauniya ba ce, ba ta yi kwalliya ba. Ko'ina fari fat.

Mai zanen shi ne Pekka Halonen, ɗan manoma da aka haifa a Lapinlahti a 1865. Ya yi karatun zane a Faris, har ya zauna gaban Paul Gauguin, amma zuciyarsa ba ta bar ƙauye ba. Ya raɗa wa zanen suna Avannolla, wato a bakin ramin ƙanƙara. Su mutanen Finlan har kalma guda suke da ita ta wannan rami, avanto, kuma ba abin mamaki ba ne ga ƙasar da ke da tafkuna fiye da 180,000.

To, me ya sa zanen wanki ya yi suna?

Lokacin ne ya sa. A 1899 Finlan tana ƙarƙashin Rasha, kuma a watan Fabrairu Sarki Nikolas na Biyu ya fitar da sanarwar da ta rage wa ƙasar 'yancin tafiyar da harkokinta. Shekara na zagayowa, a 1900, aka buɗe babban baje kolin duniya a Faris, Finlan ta samu rumfarta ta kanta. Dama ce ta ce wa duniya su ba Rashawa ba ne. Wani mai zane, Gallen-Kallela, ya ƙawata rufin rumfar da jaruman Kalevala, tatsuniyoyin kakanninsu. Shi kuwa Halonen sai ya kawo zanen maharbi a cikin daji, ya kawo wannan mai wanki.

A ganina mai wankin ta fi jaruman faɗar gaskiya. Jarumi sau ɗaya yake fita yaƙi a ba da labari. Ita kuwa duk hunturu hannunta na cikin wannan ruwa, babu mai yi mata kirari.

Sai dai ba a daɗe ba aka fara jin muryar mata irinta: shekara shida bayan baje kolin, a 1906, matan Finlan suka riga sauran matan Turai samun 'yancin jefa ƙuri'a. A zaɓen 1907 mata 19 suka shiga majalisa.

Halonen ya rasu a 1933 a Tuusula, inda ya gina gidansa a bakin tafki. Zanen yana gidan adana zane-zane na Ateneum a Helsinki. Mai waya a hannu, ya rubuta sunan Halonen a intanet ya gani da idonsa.