Rigakafin Yara: Haƙƙinku da Sirrinku

Iyaye mazauna Tarikom da kewayen Bawku, allurar rigakafin da Hukumar Lafiya ta Ghana ke yi wa yara kyauta ce, a wurin awo ko a makaranta. Ta ƙyanda sau biyu ake yi, a wata 9 da wata 18.

Kuna da damar tambayar nas sunan allurar da amfaninta, ku kuma nemi ganawa a keɓe. Abin da aka rubuta game da yaronku amana ne: dokar kare bayanai ta 2012 ta hana yaɗa shi ba bisa ƙa'ida ba.

Idan katin awo ya ɓace a hanya, ku zo haka nan, za mu taimaka a buɗe sabo. Kada ku jinkirta, domin ƙyanda na saurin yaɗuwa inda ake cunkoso.