Gurɓataccen ruwan sansanin Lejeune da gwagwarmayar neman diyya

Fiye da shekaru 30 sojojin kundumbala na Amurka da iyalansu suka shafe suna sha, suna girki, suna kuma wanka da ruwan da ke ɗauke da guba a sansanin Lejeune da ke jihar Karolina ta Arewa. Sai da aka kwashe wasu shekaru 35 bayan nan kafin doka ta ba su damar kai gwamnati ƙara.

Hukumomin lafiya na Amurka sun ƙiyasta cewa mutanen da suka yi amfani da wannan ruwa tsakanin 1953 da 1987 za su iya kai miliyan ɗaya. Cikinsu akwai sojoji, da matansu, da ma'aikata farar hula, da kuma jariran da ke cikin iyayensu mata a lokacin.

Daga ina gubar ta fito?

Ta hanyoyi biyu ta shiga. A unguwar Tarawa Terrace, inda iyalan sojoji ke zaune, wani shagon wankin tufafi na zamani da ke wajen sansanin ne ya riƙa zubar da sinadarin PCE, wanda ya tsiyaya cikin ƙasa har ya kai ga rijiyoyi. A ɓangaren Hadnot Point kuwa, daga cikin gida matsalar ta taso, watau daga sinadarin TCE da ake wanke maiƙon injuna da shi, da sharar da aka binne, da tankokin mai na ƙarƙashin ƙasa da ke yoyo.

Wani gwaji da aka yi a 1982 ya nuna cewa TCE da ke cikin ruwan Hadnot Point ya ninka har sau 280 iyakar da dokar Amurka ta gindaya daga baya. Duk da haka, sai ƙarshen 1984 zuwa farkon 1985 aka rufe rijiyoyin da suka fi gurɓata. Wannan tazara ita ce ta fi ƙona wa iyalan rai, domin ba a iya cewa ba a sani ba.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsaya kai da fata a kan lamarin shi ne Jerry Ensminger, wani tsohon sojan kundumbala wanda 'yarsa Janey ta rasu a 1985 tana da shekara tara, sakamakon sankarar jini. Bai san da batun ruwan ba sai a 1997, lokacin da ya ji shi a labaran talabijin. Da sunan yarinyar aka fi sanin dokar da Shugaba Barack Obama ya sanya wa hannu a 2012, wadda ta tanadi jinya ga masu fama da cututtuka 15.

To sai dai jinya daban, diyya daban.

Katangar shari'a

Tun 1950 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin cewa soja ba shi da ikon neman diyya daga gwamnati a kan raunin da ya samu a dalilin aikinsa. Iyalai da farar hula kuma suka ci karo da wata dokar jihar Karolina ta Arewa, wadda ke rufe ƙofar ƙara da zarar an cika shekaru 10 da aikata laifin, ko da wanda aka cuta bai san an cuce shi ba. Ga cutar da kan ɗauki shekaru 20 kafin ta bayyana, wannan na nufin wa'adin kan cika tun mutum yana ganin kansa lafiya lau. A 2016 wata kotun tarayya ta yi watsi da ƙararrakin da aka shigar, sannan a 2019 rundunar sojan ruwa ta ƙi amincewa da dubban buƙatun diyya.

Al'amura sun sauya ne ranar 10 ga watan Agustan 2022, lokacin da Shugaba Joe Biden ya sanya hannu a kan wata babbar dokar kula da tsoffin sojoji, wadda ta ƙunshi sashe na musamman kan Lejeune. Sashen ya kawar da waɗancan shingaye ga duk wanda ya zauna ko ya yi aiki a sansanin na aƙalla kwanaki 30 tsakanin Agustan 1953 da Disamban 1987. Magada ma an ba su damar nema a madadin mamaci.

Muhimmin abu a dokar shi ne sassaucin hujja. Ba lallai ne mai ƙara ya tabbatar ruwan ne ya jawo masa ciwo ba. Ya isa ya nuna cewa yiwuwar ruwan ne sanadi ba ta gaza yiwuwar akasin haka ba. Amma dokar ta wajabta masa ya fara miƙa buƙatarsa ga rundunar sojan ruwa kafin wa'adi ya cika, sai idan ta ƙi, ko ta yi shiru na watanni shida, sannan ya garzaya kotun tarayya ta gabashin jihar, wadda ita kaɗai aka bai wa hurumin sauraron shari'ar. Haka nan za a cire abin da ya riga ya karɓa daga shirye-shiryen jinya na gwamnati kan wannan ciwo.

Kafin wa'adin shekaru biyu ya cika a Agustan 2024, an shigar da buƙatu sama da dubu 400. Tallace-tallacen lauyoyi da suka mamaye talabijin na da hannu a wannan yawa, ita kuma ma'aikatar shari'a ta ƙayyade ladansu a kashi 20 cikin ɗari idan an sasanta ba tare da zuwa kotu ba, da kashi 25 idan an shigar da ƙara.

Domin rage cunkoso, a Satumban 2023 gwamnati ta fito da tayin biyan kuɗi kai tsaye, daga dala dubu 100 zuwa dubu 550, gwargwadon irin cutar, da daɗewar mutum a sansanin, da ko ya rasu. Tayin ya shafi cututtuka kaɗan ne, irin su sankarar ƙoda, da ta hanta, da ta mafitsara, da sankarar jini, da cutar kakkarwar jiki ta Parkinson, kuma wanda ya karɓa ya haƙura da ƙara ke nan. Ga dattijon da ke jinya, zaɓi ne mai wuya: ya karɓi abin da ke hannu, ko ya jira hukuncin da mai yiwuwa ba zai gani ba.

A Fabrairun 2024 alƙalan kotun huɗu sun yanke cewa su da kansu za su saurari ƙararrakin, ba tare da ayarin masu taya alƙali yanke hukunci ba, matakin da lauyoyin masu ƙara suka ce ya saɓa wa manufar dokar.